Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Wasannin Bidiyo

Yawancin ɗalibai a yau a wayar hannu suka san wasan bidiyo. Amma kafin wayar hannu ta yaɗu, akwai wata na'ura ta musamman da ake haɗawa da akwatin talabijin domin wasa kawai. Kowane wasa yana cikin wani ɗan kaset na roba. Sai a cusa kaset ɗin a bakin na'urar, a kunna, a riƙe abin sarrafawa mai maɓallai, a fara wasa.

Kamfanin Atari na Amurka ya fito da na'urarsa Atari 2600 a shekarar 1977. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom, wadda aka kai Amurka a 1985 da sunan NES. Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988. A 1989 Nintendo ya ƙera Game Boy, wadda ake riƙewa a hannu. A 1994 kuma Sony ya kawo PlayStation, mai amfani da faifai maimakon kaset. Irin waɗannan na'urori sun shigo kasuwannin Nijeriya. Ku tambayi yayyenku ko kawunnanku, wataƙila su ba ku labarin shagunan da yara suke biyan kuɗi su buga ƙwallon ƙafa a PlayStation.

Ina waɗannan wasanni suke yanzu?

An daɗe da daina ƙera waɗannan na'urori. Waɗanda suka rage kuma suna tsufa. Bakin kaset yakan yi tsatsa, faifai yakan karce, ɗan batirin da ke cikin wasu kasa-kasai yakan mutu. A shekarar 2023 wata gidauniya a Amurka mai adana tarihin wasannin bidiyo ta yi bincike. Ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su kuma. Wasan bidiyo ya bambanta da littafi. Tsohon littafi ana iya buɗe shi a karanta ko bayan shekara ɗari. Wasa kuwa sai da na'urarsa. Idan na'urar ta mutu, wasan ya bi ta, tare da zane da kiɗa da dabarun da mutane suka sha wahalar ƙirƙirowa.

Manhajar kwaikwayo

Maganin wannan matsala shi ne manhajar kwaikwayo, wadda ake kira emuleta. Ita manhaja ce da take sa kwamfuta ko waya ta yi aiki kamar tsohuwar na'urar wasa. Ku da kuke koyon Hausa za ku fahimci aikinta da sauƙi, domin aikin tafinta take yi. An rubuta tsohon wasa da harshen da tsohuwar na'ura take ji. Wayar zamani ba ta jin wannan harshe. Sai emuleta ta tsaya a tsakani. Tana karanta kowane umarni na wasan, tana mayar da shi harshen wayar nan take. Shi kuma abin da ke cikin kaset, akan kwafe shi ya zama fayil, wanda ake kira ROM. Idan aka buɗe fayil ɗin a cikin emuleta, sai wasan ya bayyana da hotonsa da sautinsa kamar dā. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin ita ce MAME, wadda wani ɗan ƙasar Italiya, Nicola Salmoria, ya fara a 1997.

Wasanni uku da ba su tsufa ba

Wani zai ce, mene ne amfanin wasan da hotunansa ba su kai na yau kyau ba? Amsar ita ce, tsofaffin na'urori ba su da ƙarfi, saboda haka masu tsara wasa ba su iya ruɗin mutum da ado. Dole wasan kansa ya yi daɗi.

Na farko shi ne Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka tsara a 1985. Mario yana gudu yana tsalle ta matakai 32 domin ya ceto gimbiya. Girman wasan duka kimanin kilobait 40 ne, wato bai kai hoto ɗaya na wayar zamani ba. Saboda ƙarancin wuri, da zane ɗaya aka yi gajimare da ciyayi, launi kawai aka canza. Matakin farko kuma yana koyarwa ba tare da rubutu ba. Wani ɗan maƙiyi yakan nufo Mario, dole mai wasa ya koyi tsalle. Daga nan naman kaza yakan fito daga wani akwati, idan Mario ya taɓa shi sai ya ƙara girma. Cikin minti ɗaya mutum ya gane dokokin wasan, ko da wane harshe yake ji.

Na biyu shi ne Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ya shahara ƙwarai bayan ya fito a Game Boy a 1989. Siffofi bakwai ne suke faɗowa daga sama, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu. Mai wasa yana juya su yana jerawa. Idan layi ya cika, sai ya ɓace. Idan aka bar giɓi, tulin yakan yi ta hawa har wasa ya ƙare. Tetris yana horar da ido da saurin yanke shawara. A 2012 wani babban gidan adana kayan fasaha a birnin New York, mai suna MoMA, ya sa shi cikin kayan da yake adanawa.

Na uku shi ne The Legend of Zelda na 1986. A nan ba a nuna wa mai wasa hanya. Ana ajiye jarumin, mai suna Link, a tsakiyar wata ƙasa mai dazuzzuka da koguna, ya nemi hanya da kansa. Masu wasa da yawa sukan zana taswira a takarda don kada su ɓata. Mai haƙuri da lura shi yake cin wannan wasa.

Haƙƙin masu shi

Tsufan wasa bai sa ya zama na kowa ba. Kamfanonin da suka yi waɗannan wasanni suna da haƙƙin mallaka a kansu har yanzu. Sauko da fayil ɗin wasa daga intanet ba da izininsu ba saɓa wa wannan haƙƙi ne, kuma irin waɗannan fayiloli sukan zo da cutar kwamfuta. Akwai halastattun hanyoyi, domin kamfanonin da kansu suna amfani da emuleta. A 2016 Nintendo ya fito da ƙaramar NES mai wasanni 30 a ciki. A 2019 Sega ya fito da ƙaramar Mega Drive mai wasanni 42. Wanda ya samu dama ta irin wannan hanya, ya gwada matakin farko na Mario bayan ya gama aikin gida, ya ga ko zai gane dokokinsa ba tare da an gaya masa ba.

Ma'anar kalmomi

Tafinta: mai mayar da magana daga wani harshe zuwa wani.
Maɓalli: abin da ake dannawa a jikin na'ura.
Giɓi: wurin da aka bari bai cika ba.
Taswira: zanen da ke nuna wurare da hanyoyi.
Haƙƙin mallaka: ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri abu.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsofaffin wasannin bidiyo suke iya ɓacewa?
2. Ta yaya aikin emuleta ya yi kama da na tafinta?
3. Siffofi nawa ne a cikin Tetris?
4. Yaya matakin farko na Mario yake koyar da mai wasa?
5. Bayyana dangantakar karin maganar da ke kan wannan darasi da abin da ka karanta.