Ayaba a Markaɗen 'Ya'yan Itace Ba Guba Ba Ce

Na gaji da wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, wai duk wanda ya jefa ayaba cikin markaɗen 'ya'yan itace ya kashe amfaninsa gaba ɗaya. Wasu ma sun ƙara gishiri, suna cewa guba ce. Jama'a, mu ji tsoron Allah kafin mu tura abin da ba mu tantance ba.

Ga tushen maganar. A wani nazari da aka wallafa a 2023, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun gwada maza takwas. Da suka sha sinadarin filabanol cikin markaɗe mai ayaba, abin da ya kai jininsu ya ragu da kashi 84 cikin 100 a kan lokacin da suka haɗiye shi a ƙwaya. Dalili kuwa, sinadarin nan da ke sa ayaba ta yi baƙi bayan an yanka ta, shi ne yake lalata filabanol, wanda ake samu a tuffa da inabi da ganyen shayi, kuma yake taimakon zuciya.

To, ina guba a nan? Sinadari ɗaya tak aka auna, a jikin mutum takwas. Babu wanda ya ce ayaba ta rasa fotasiyam ɗinta, wanda ya haura miligiram 400 a matsakaiciya guda, ko harzarta mai gyara ciki.

Ɓarnar gaske a hannunmu take. Za ka ga an zuba ayaba uku, dabino cike da tafi, madarar gwangwani mai zaƙi, a bi da sukari cokali biyu, wai ana neman lafiya. Ayaba guda tana ɗauke da kusan giram 14 na sukari, me kuma ake nema?

Ayaba ɗaya ta isa kofi ɗaya. A zaɓi nunanniya mai ɗige-ɗigen baƙi, zaƙinta ya wadatar. A haɗa ta da kindirmo ko gyaɗa. In tuffa ko inabi za a markaɗa, a sa mangwaro ko abarba ko lemon zaƙi a madadinta, a ci ayabar daga baya. A sha nan take, kada a bari ya kwana. Mai ciwon sukari ko na ƙoda ya fara jin ta bakin likita.

Don Allah, in wancan saƙon na WhatsApp ya iso wayarka, ya tsaya a wajenka.