Yadda Ƙasa Take Zaɓen Muryar da Za Ta Wakilce Ta a Gasar Duniya



Nijeriya tana da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, mutanenta kuma sun haura miliyan 200. To idan aka kira gasar duniya, aka ce kowace ƙasa ta turo murya ɗaya, wa zai je? Wa kuma zai zaɓe shi? Na yi tambaya, na yi karatu, sai na gano hanyoyi uku da ƙasashe suke bi.

Hanyoyi biyun farko daga Turai na samo su. A can akwai wata babbar gasar waƙa mai suna Eurovision. An fara ta a shekarar 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe 7 kacal. Dokokinta a fili suke: waƙa ba za ta wuce minti 3 ba, kuma masu hawa dandamali ba za su wuce mutum 6 ba. Gidan rediyo da talabijin na kowace ƙasa shi ke da alhakin turo waƙa ɗaya. Daga Afirka, Maroko ce kaɗai ta taɓa shiga, a 1980.

Hanya ta farko ita ce zaɓen cikin gida. Manyan gidan talabijin su zauna a ofis, su saurari waƙoƙi, su ɗauki ɗaya, sai kawai jama'a su ji sanarwa. BBC ta sha yi wa Birtaniya haka. Wannan hanya tana da sauri, ba ta cin kuɗi sosai. Illarta ita ce wanda manyan ba su san shi ba, ba za su kira shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar wa jama'a. A Suwidin ana yin wata gasa mai suna Melodifestivalen, wadda take ɗaukar makonni shida tsakanin Fabrairu da Maris. Mawaƙa suna karawa a talabijin, masu kallo suna zaɓe ta waya, a ranar ƙarshe kuma ana haɗa ƙuri'arsu da makin alƙalai. Suwidin ta ci Eurovision sau 7. Amma ita ma wannan hanya da illarta, domin wani lokaci farin jini yakan rinjayi iyawa.

Hanya ta uku ba sai mun tsallaka teku ba, a ƙofar gidanmu take, wato musabaƙar karatun Alƙur'ani mai girma. Kowa ya san karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma ban haɗa darajarsu ba. Tsarin zaɓen wakili kaɗai nake so mu duba.

An fara musabaƙar ƙasa a 1986, kuma Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ce take shirya ta. Tsarinta kamar tsani yake. Makarantu suna kai ɗalibansu matakin ƙaramar hukuma. Wanda ya ci a Zariya sai ya je ya kara da zakarun sauran ƙananan hukumomin Jihar Kaduna, waɗanda duka-duka su 23 ne. Zakarun jiha kuma su tafi matakin ƙasa, wanda yake zagaya jihohi. An yi shi a Damaturu a 2023, aka yi a Birnin Kebbi a 2024.

Akwai rukuni-rukuni, tun daga izu 2 har zuwa izu 60 da tafsiri, maza daban, mata daban. Alƙalai suna zaune a gaban jama'a. Za a ja wa ɗan takara baki ya ci gaba da ka, idan ya yi kuskure a yi masa alama, a rage maki. Ana duba ƙarfin hadda da tajwidi da kyan karatu. Babu ƙuri'ar waya, kuma tafin 'yan kallo ba ya ƙara wa kowa maki.

Daga cikin zakarun ƙasa ake fitar da masu zuwa ƙasashen waje, kamar gasar Sarki Abdul'aziz ta Makka da aka fara a 1979, da ta Dubai da aka fara a 1997. A 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi daga Jihar Gombe ta zo ta ɗaya a gasar mata ta duniya da aka yi a ƙasar Jodan. Ashe yarinyar da take biya allonta a zaure a Kwarbai ko Limanci ko Ƙofar Doka tana da hanyar da za ta kai ta can, ko da mahaifinta bai san kowa ba.

Sai dai tsani yana da sharaɗi guda. Alƙalan sama ba sa jin kowa sai wanda na ƙasa suka turo musu. Idan aka yi son kai a matakin farko, an bar gwani a gida ke nan, kuma babu wanda zai gyara wannan a Kaduna ko a Makka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A nan ne maganar ta shafe mu, domin matakin farko shi ne aji. A bara, da za a je gasar rera rubutacciyar waƙa tsakanin makarantu, sai dai muka ji an kira sunan wakili a taron safe. Ban ce bai iya ba. Amma akwai wata a ajinmu mai zama a bencin baya, wadda idan ta rera waƙa lokacin tara kowa sai ya yi tsit. Ba a saurare ta ba, saboda tana da kunya, ba ta ɗaga hannu.

Don haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, a gwada tsarin tsani a bana. Kowane aji ya yi gwajinsa, duk mai so ya shiga. Zakarun azuzuwa su kara a gaban makaranta. A sa alƙalai uku, a faɗi abin da za a ba wa maki tun kafin a fara, a kuma karanta makin a fili. Wanda ya faɗi zai san inda zai gyara, wanda ya ci kuma duk za mu mara masa baya da zuciya ɗaya.

Ku kuma 'yan uwana, idan an buɗe ƙofa kada kunya ta hana ku shiga. Mai shawara a kan wannan batu ya rubuto wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya so.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare.