Takardar Jinga: Tambaya Ɗaya, Sannan Sauran Gini

Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan buga takardu na kusa da ƙofar jami'a, ko a Samarun Zariya ko a Kabuga ta Kano, a makon da ake miƙa jinga, ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya tsaya a kan mai kwamfuta yana cewa a ƙara girman baƙaƙe don shafuka su cika goma. Malamin da zai duba kuwa ya riga ya ga irinta sau ɗari, tun daga sakin layi na farko yake gane takardar da ba ta san inda ta dosa ba.

Tun daga take ake samun matsala. Ɗalibi ya rubuta "Karin Magana a Adabin Hausa", batun da ko kundin digiri na uku ba zai ƙure shi ba. Da zai taƙaita ya ce zai duba yadda Abubakar Imam ya yi amfani da karin magana a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, da ya samu gonar da zai iya nomewa kafin zangon karatu ya ƙare. Takardar jinga tambaya ɗaya take amsawa, kuma tambayar ce ke tsara komai.

Gabatarwa ta faɗi tambayar, da dalilin yin ta, da iyakar da aka shata. Ni dai shawarata a bar rubuta ta sai an gama komai, domin mutum ba ya gabatar da baƙon da bai gani ba. Daga nan sai bitar ayyukan da suka gabata, inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: wane ya ce, wance ta ce, a jera su kamar layin awo, ba a nuna inda suka saɓa ba balle giɓin da suka bari. Giɓin nan kuwa shi ne hujjar zaman takardarka.

Gundarin aiki ya kamata ya cinye mafi yawan shafuka. A raba shi da ƙananan kanu, kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, ya kawo hujja, sannan marubuci ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Dogon ɗauko zancen wani ba tare da sharhi ba cika takarda ne kawai. Kammalawa kuma gajeriya ce, ta dawo kan tambayar ta amsa, ba a shigo da sabon batu a cikinta.

Sai madogara. Sassa da dama na jami'o'inmu salon APA suke bi, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, wasu kuma na fannin adabi da harshen Ingilishi sun fi son MLA. A salon APA sunan marubuci da shekara ake sakawa cikin rubutu, misali (Galadanci, 1976), idan kuma kalmominsa aka ɗauko kai tsaye a ƙara lambar shafi. Ɗaukowar da ta kai kalma 40 ana ware ta ne a matsa da ita ciki, ba tare da alamar zance ba. Duk sunan da ya bayyana a ciki dole a same shi a manazarta, a jere bisa tsarin abacada. Abin takaici, akan ga manazarta mai littattafai ashirin alhali uku kacal aka taɓa buɗewa. Kwafo rubutu daga intanet ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, kuma manhajoji irin su Turnitin suna tona ta.

Kwalliyar shafi ba ta da wuya: takarda A4, baƙaƙen Times New Roman mai lamba 12, tazarar layi biyu, inci ɗaya a kowane gefe, da lambar shafi. Bangon gaba ya ɗauki take, da suna, da lambar rajista, da lambar kwas, da sunan malami, da kwanan wata. In malami ya ba da nasa tsarin, nasa ake bi.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki guda. Baƙaƙe masu lanƙwasa sukan rikiɗe su koma akwatuna idan kwamfutar shago ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, ko kuma a wayi gari ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Ka mayar da aikin PDF tun daga gida, ka kuma karanta shafukan da aka buga ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗinke.