Fumfuna a Gilashin Tsohuwar Kyamara: Me Ke Kawo Ta, Yaya Ake Maganinta?

Ni ɗan Mubi ne, mahaifina fataucin shanu yake yi, nakan kuma bi tirela zuwa Legas ko Lokpanta idan an yi lodi. A gefe guda ina taɓa harkar hoto, musamman tsofaffin kyamarori na zamanin fim irin su Yashica, Zenit, Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda biyun ƙarshen duk a 1976 suka fito. Yanzu samari masu ɗaukar bidiyon biki suna sayen gilasansu a Alaba ko Ikeja, su sa adafta su ɗaura a kyamarar zamani, don sun fi sababbi araha nesa ba kusa ba. To amma akwai ciwon da ke cin gilasan nan a Kurmi fiye da Arewa, wato fumfuna.

Fumfunar nan dangin wadda ke fitowa a burodi ne ko a takalmin fata da damina. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, ido ba ya ganinsu, suna kuma shiga cikin gilashi duk lokacin da ka murɗa shi. Jira kawai suke su samu abu uku: danshi, duhu, da abinci. Abincinsu kuwa ƙura ce, da maiƙon yatsa, da man da ke cikin ƙarafan gilashin. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 ya kwana uku ko fiye a haka, ga ɗumi, ga iska ba ta zagayawa, shi ke nan sai su tsiro.

A nan bambancin yake. A Mubi daga Nuwamba zuwa Maris iska a bushe take ƙayau, har leɓe na tsagewa, sai wajen Agusta ne danshi ke yin ƙarfi. Amma Legas da Fatakwal da Anaca, yawancin shekara danshi a sama yake, da damina yakan wuce kashi 80. Shi ya sa kyamarar da ta shekara ashirin a akwatin wani dattijo a Arewa lafiya lau, a kawo ta Agege ta yi damina ɗaya ta kamu. Ƙurar hunturun da ta kwaso daga gida ma ita ce ke zama mata abinci.

Yadda za ka gane ta: cire gilashin daga jikin kyamara, buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska tocilan waya ta baya, ka duba ta gaba a ɗan karkace. Ƙura ɗigo-ɗigo take. Hazo kuma kamar hayaƙi yake, ya rufe ko'ina bai ɗaya. Ita fumfuna zare-zare take kamar saƙar gizo, yawanci daga gefe take farawa ta nufi tsakiya. Idan kaɗan ce a gefe, da wuya ka ga alama a hoto. In ta yi yawa, hoto zai fito fari-fari, ba kaifi, musamman in akwai fitila ko rana a gaban kyamara. Mai ɗaukar biki ya san abin da wannan ke nufi: amarya ta ƙi hoto, a riƙe maka cikon kuɗinka.

Babbar illar ita ce fumfuna tana fitar da wani ruwa mai cin siririn shafen da ke kan gilashi. In ta daɗe, ko an wanke ta sai sawunta ya zauna, kuma ba ya gogewa. Saboda haka duba gilashi kafin ka biya, kamar yadda ba a sayen sa sai an zagaya shi an duba. Kar ka yarda da "ai ƙura ce kawai, oga".

Idan a waje take, gaba ko baya, da sauƙi. Fara hure ƙura da 'yar robar hura iska, kar ka hura da baki. Ka ɗiga ruwan haidirojin mai kashi 3, wanda ake wanke ciwo da shi a kemis, a kan auduga, ka shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Sai ka bi da sifirit mai tsabta da ƙyalle mai laushi na goge tabarau. Kar a zuba ruwan kai tsaye kan gilashi, zai silale ciki. Bakin riga ko rawani kuma ba abin goge gilashi ba ne.

In a ciki take, sai an kwance. Shawarata a kai wa mai gyaran kyamara, domin gilashi ɗaya yakan ƙunshi ƙananan gilasai shida ko fiye, in aka juya ɗaya ko aka saɓa jerin, hoto ba zai ƙara zama daidai ba. Akwai kuma waɗanda aka manne su biyu da gam tun daga masana'anta, in ta shiga tsakaninsu, kuɗin gyara yakan fi kuɗin gilashin. Nan sai a haƙura.

Wasu na cewa a shanya a rana. Hasken rana yakan tsayar da ita, amma ba ya cire zaren da ya riga ya fito. In za ka yi, raba gilashin da kyamara, kar ka saita shi da ƙwayar rana, domin yana tattara haske ya ƙona abin da ke bayansa, zafi kuma yakan narkar da man ciki ya zama hazo. Zancen binnewa cikin shinkafa kuwa, ba ta jan danshi yadda ake zato, sai ma garinta da za ta bar maka.

Rigakafi ya fi araha. Samu robar abinci mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba jakunkunan silika, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, da 'yar na'urar auna danshi. Ka riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50, kar ya yi ƙasa da 30 don man ciki zai bushe. Silika tana ƙoshi, sai a riƙa busar da ita da wuta kaɗan ko a canza. Kar ka ajiye kyamara cikin jakar fata, fata tana riƙe laima, duk wanda ya tashi gidan masu shanu ya san haka. Kar a ajiye ƙarƙashin gado ko jikin bango mai jiƙa. In ruwa ya taɓa ta, goge ta, ka bar ta ta sha iska kafin ka rufe. Wadda ta kamu kuma a ware ta daban har a gyara.

Sannan a riƙa amfani da ita. Gilashin da ke fita yana ganin haske duk mako ba kasafai yake kamuwa ba. Wanda ke da kyamarar mahaifinsa a akwati, ya buɗe ya haska ta tun damina ba ta kankama ba. Allah Ya ba mu sa'a, Ya kare dukiyar kowa.