Abin da Jini ke Faɗa Game da Zuciyar Yaro a Cutar Kawasaki

A 1967 wani likitan yara a Tokyo, Tomisaku Kawasaki, ya wallafa bayanin yara 50 masu wata cuta da ba a san ta ba. Zazzaɓi ne mai kai kwana biyar ko fiye, ido ya yi ja ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, ƙuraje su feso, tafin hannu da na ƙafa su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya. Uwa a ƙasar Hausa za ta rantse ƙyanda ce. Galibi 'yan ƙasa da shekara biyar wannan cutar take kamawa.

Zazzaɓin kan sauka. Ɓarnar tana can ciki, inda jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini suke kumbura, bangonsu ya raunana ya buɗe kamar balan-balan. In ba magani, kusan yaro ɗaya cikin huɗu ke gamuwa da wannan. In aka ɗaura masa ruwan garkuwar jiki, IVIG, cikin kwana goma na farko, adadin kan koma wajen huɗu cikin ɗari.

To wane yaro ne ke kan hanyar haɗari? Nan likita ke komawa ga jini. Awon CRP da ya hau sosai na nuna wutar kumburi na ci. Sinadarin albumin kan faɗi, domin jijiyoyin da suka kumbura suna yoyo. Gishirin jini ya ragu, awon hanta ya tashi. Akwai kuma NT-proBNP, wanda zuciya ke saki idan ta takura, kuma yakan yi yawa a yaran da cutar ta tsananta musu.

A 2006 wani mai bincike a Japan, Kobayashi, da abokan aikinsa suka haɗa irin waɗannan awo da shekarun yaro, suka fitar da maki na hasashen wanda maganin farko ba zai yi wa aiki ba. A Japan ya yi amfani. Da aka gwada shi a Amurka da Turai, sai ya riƙa tsallake yara da yawa masu haɗari. A ganina wannan ya isa ya sa a yi hattara da kowane sabon awo da ake zuzutawa.

Har yau babu awon jini guda da ke tabbatar da cutar. Shi ya sa ake ɗaukar hoton zuciya na eko tun ranar da aka gano ta, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu, a kuma sake bayan mako huɗu zuwa shida.