Hasashen Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Iyakar Abin da Masana Za Su Iya Sani

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, ranar Asabar a Amurka ta ƙwallon jami'o'i ce. Wasan ba irin wanda muka saba kallo ba ne: ƙwallon doguwa ce mai tsini a bakinta biyu, da hannu ake ɗaukarta ana jefawa, ana kokawar kai ta gidan abokan hamayya don samun maki 6, ko a buga ta tsakanin sanduna a sami maki 3. 'Yan wasan ɗalibai ne, amma filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Kafin kowace Asabar, jaridu da gidajen talabijin da kamfanonin caca suna cika da hasashen wanda zai ci. Ra'ayina shi ne, hasashe na gaskiya a wannan wasa ba ya wuce faɗin yiwuwar abu, kashi kaza cikin ɗari, kuma duk wanda ya sayar wa mutane tabbas yana sayar da abin da ba shi da shi.

A ranar 1 ga Satumba 2007, Michigan, wadda ke matsayi na 5 a ƙasar, ta karɓi baƙuncin Appalachian State, wata jami'a daga tsaunukan Carolina ta Arewa da ke buga wasa a rukuni na ƙasa. Irin wannan wasa manyan jami'o'i ke biyan ƙanana kuɗi su zo a lallasa su a buɗe kaka, kuma dala 400,000 aka biya baƙin. Saura daƙiƙu kaɗan a tashi, baƙin na gaba da 34 da 32, Michigan ta jera don bugun maki 3 da zai ba ta nasara. Ɗan wasan baya na baƙin ya kutso ta gefe, ya tare ƙwallon da jikinsa, ya ɗauke ta ya ruga har lokaci ya ƙare. Kwanaki kaɗan bayan haka sunan Michigan ya ɓace daga jerin ƙungiyoyi 25 na kamfanin dillancin labarai na AP, jerin da 'yan jarida ke kaɗa wa ƙuri'a tun 1936. Wata guda bayan nan kuma Stanford, wadda aka ce za a ci ta da tazarar maki 41, ta je gidan jami'ar USC ta doke ta da 24 da 23.

Dalilin irin wannan ba-zata yana cikin tsarin gasar. A Firimiyar Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana karawa da kowace sau biyu, wasa 38, don haka teburi yana faɗin gaskiya gwargwado. A babban rukunin jami'o'in Amurka ƙungiyoyi sun haura 130, kowace kuma wasa 12 take yi a kaka. Mafi yawansu ba sa haɗuwa ko sau ɗaya. Mai hasashe dole ya auna ƙungiyar da ta ci wasa biyar a kan raunana da wadda ta faɗi biyu a hannun ƙarfafa, ba tare da wani ma'auni na kai tsaye ba. Ga shi kuma ɗan wasa kaka huɗu yake da ita bisa ƙa'ida, sai ya kammala ko ya tafi gasar ƙwararru. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya makaranta, aka kuma bar ɗalibai su karɓi kuɗin talla da sunansu, sai ya zama ƙungiyar bara da ta bana suna ɗaya ne, riga ɗaya, amma mutanen ciki sun canja da yawa. Matasa ne kuma masu shekara 18 zuwa 23, waɗanda ihun mutum dubu ɗari ko jarrabawar ranar Litinin kan iya rikita su.

Masana lissafi sun yi ƙoƙari matuƙa, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Jeff Sagarin ya fara wallafa ma'auninsa a jaridar USA Today tun 1985, Bill Connelly ya gina tsarin SP+, tashar ESPN kuma tana da nata mai suna FPI. Hikimarsu ita ce ba sa dogara da sakamakon ƙarshe kaɗai. Suna duba nisan da ƙungiya ke ci a kowane yunƙuri, su gyara lissafin bisa ƙarfin abokin karawa, su ƙara maki biyu ko uku ga mai masaukin baƙi, su ƙirga 'yan wasan bara da suka dawo. Abin da suke ƙoƙarin cirewa shi ne sa'a, domin ƙwallon nan idan ta faɗi ƙasa ba a san inda za ta nufa ba, kuma kusan rabi da rabi ne wanda zai dafe ta. Kowace ƙungiya kan riƙe ƙwallo kusan sau goma sha biyu a wasa, saboda haka kuɓucewa biyu sun isa su juya sakamako. Duk da wannan ƙwarewa, tazarar da aka yi hasashe da wadda ta faru sukan bambanta da maki goma sha wani abu a matsakaici.

Wani zai ce, to ai wannan ya nuna hasashen ba shi da amfani. Ban yarda ba. Manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce za a yi ruwa, idan iska ta kore shi yau ba a cewa bai san damina ba. A tsawon damina ake gane iliminsa. A Satumban 2024 Northern Illinois ta je gidan Notre Dame ta ci 16 da 14, mutane suka yi ta dariyar waɗanda suka ɗauki Notre Dame babbar ƙungiya. Notre Dame ba ta sake faɗuwa ba sai a wasan ƙarshe na ƙasa, inda Ohio State ta doke ta 34 da 23 a Janairun 2025. Ma'aunin ya yi daidai game da ƙarfinta, Asabar ɗaya ce ta saɓa. Wanda ya ce ƙungiya tana da kashi 90 na nasara ya riga ya faɗa maka cewa sau ɗaya cikin goma za ta sha ƙasa.

Wani kuma zai juyo ta ɗaya gefen ya ce, tunda manya ne ke ci a mafi yawan lokuta, mai bin lissafi zai iya yin arziki da shi. Nan ne abin ya fi damuna, domin tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018, hasashe da caca suka cakuɗe, har a wayoyin ɗaliban da ke zaune aji ɗaya da 'yan wasan. Kamfanin caca ba ya tambayar wa zai ci, yana sa tazarar maki ne yadda ɓangarorin biyu za su yi kunnen doki, kuma duk abin da kwamfutar masana ta sani ya riga ya shiga tazarar. Bisa al'ada mutum kan zuba dala 110 don ya ci 100. Idan ya yi caca sau ɗari ya dace a rabi, ya sami 5,000 ya rasa 5,500. Sai ya dace fiye da kashi 52 kafin ya maida uwar kuɗinsa, abin da 'yan ƙalilan ke iya riƙewa shekara da shekaru. Mai haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, kamar yadda matasanmu ke yi da ƙwallon Turai, ya fi shiga uku: wasa goma da kowane ke da kashi 90, damar su fito duka ba ta wuce kashi 35 ba.

Akwai wata ɓarnar da ba ta shafi kuɗi ba, wato lokacin da hasashe ya hau kujerar sakamako. A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, amma jagoran harinta Jordan Travis ya karye a ƙafa a watan Nuwamba. Kwamitin mutum 13 da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu na zagayen ƙarshe ya yi hasashen cewa ba za ta iya ba tare da shi ba, ya ajiye ta, ya ɗauki Alabama da ta faɗi wasa ɗaya. Mai yiwuwa lissafin kwamitin daidai ne game da ƙarfin ƙungiyoyin biyu. Amma kwamitin ya hana ɗaliban da suka ci kowane wasa damar gwada kansu a fili, bisa zaton da tarihin wasan ya sha ƙaryatawa. A kakar 2024 aka faɗaɗa zagayen zuwa ƙungiyoyi 12, kuma Ohio State da ta ɗauki kofin ta shiga ne a matsayi na 8 bayan ta faɗi wasa biyu, matsayin da a tsohon tsari da ko ƙofar ba ta gani ba.