Tonga: ƙaramar ƙasa, manyan ƴan wasa

Mai karatu, ka taɓa jin sunan Tonga? Wata ƙasa ce can tsakiyar Tekun Pasifik. Tsibirai ne kamar 170, sarki ke mulkinsu. Mutanen ƙasar duka ba su wuce dubu 100 da kaɗan ba. Ke nan garin Maraɗi shi kaɗai ya fi su yawan jama'a.

Wasan da suka fi so shi ne rugbi. Ƙwallon rugbi ba kamar tamaula take ba, siffar ƙwai gare ta. Kowane gefe mutum 15 ne, ana yin minti 80. Da hannu ake ɗaukar ƙwallo a ruga da ita, amma ba a jefa ma aboki ita gaba, sai baya. Wanda ke riƙe da ita, ana kama shi a kada shi ƙasa kamar a kokowa. In ya kai ta bayan layin abokan gaba ya dangwala, an ci maki 5.

Ƙungiyar ƙasar Tonga sunanta Ikale Tahi, wato gaggafar teku. Jar riga suke sawa. Kafin a fara wasa suna yin wata rawar yaƙi da kirari, ana ce mata Sipi Tau. Ran 1 ga Oktoba 2011, a gasar kofin duniya, sun ka da Faransa da ci 19 da 14. Kuma Faransa ɗin nan ce ta kai wasan ƙarshe a shekarar.

To, me ya sa ba kullum suke cin nasara ba? Ka san ci-rani. Aiki ya yi ƙaranci a Tonga, kuma ƙasar ba ta iya biyan ɗan wasa. Saurayi mai ƙarfi sai ya tafi Niyu Zilan, ko Ostiraliya, ko Japan, ko Faransa. Kuɗin da yake aikowa gida shi ke ciyar da iyali. Amma in ya gwanance, sai babbar ƙasa ta sa mishi rigarta. A da, doka ta ce wanda ya buga ma wata ƙasa ba ya sake buga ma wata har abada. Tonga ta yi reno, wasu sun ci moriya.

A 2021 aka sake dokar. Yanzu ɗan wasa na iya komawa ƙasar da aka haife shi, ko ta iyayensa, ko ta kakanninsa, in ya yi shekara 3 bai buga ma ta farkon ba. Malakai Fekitoa na cikin waɗanda suka koma gida. Haifaffen Tonga ne, ya ci kofin duniya da Niyu Zilan a 2015, kuma a gasar 2023 jar rigar gida ya sa.

Kai fa, a garinku, waɗanda suka tafi bida, me ke maido su gida?